Neman kalma: lokacin da ke gaban tashin farfaɗiya, me sunansa da Hausa?

Salamu alaikum, masu aikin fassara da ma'aikatan lafiya na Damagaram da kewaye. Kalmar da na kawo mu nema ita ce wadda likitocin ƙwaƙwalwa suke rubutawa da Faransanci préictal. Tushenta Latin ne: ictus bugu ke nan, ɗan gutsuren da ke gabansa kuma "kafin" yake nufi. Abin da suke kira haka shi ne lokacin da ke gaban tashin farfaɗiya, ko mintoci ne ko awa guda ko fiye, sa'ad da mai ciwon yake zaune lafiya lau a ido, yana hira, yana cin tuwonsa, alhali ƙwaƙwalwar ta fara sauya tafiya shi kansa bai sani ba. Ni malamin lissafi ne a lise. An ce in sa hannu a wani bayani da za a karanta da Hausa a rediyo, kuma ba na so mai karantawa ya iso nan ya jefa Faransanci ya wuce. Iyaye mata da kakanni masu jinyar yara, waɗanda dominsu aka yi bayanin, a nan daidai za a bar su a baya.

Kafin kowa ya kawo tasa, bari in faɗi abin da ake aunawa, don kada mu raɗa wa abin da ba mu gani ba suna.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma da ɗan ƙanƙanin lantarki suke isar wa juna saƙo. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ne ya fara ɗaukar wannan lantarki daga kan mutum a 1924, a garin Jena, ya buga sakamakonsa a 1929. Awon da ake kira EEG ke nan. Na raka ɗan ƙanwata an yi masa, na gani da idona. Tun jajibirin ranar aka ce a wanke masa kai, kada a shafa mai, yarinyar da ke gabanmu a layi kuwa sai da aka tsefe mata kitso. Ana auna kan da igiyar awo, a ɗiga alama, a manna ƙananan faifai wajen ashirin da wani abu mai danƙo, kowane da wayarsa. Sai a ce rufe ido, buɗe ido, yi ta jan numfashi da ƙarfi na minti uku, daga baya a kunna masa fitila mai walƙiya a fuska. A allon kwamfuta layuka ne jere, kowane yana rawa. Da yaron ya rufe ido sai layukan ƙeya suka shiga wani kaɗi mai kyan gani, sau 8 zuwa 13 a sakan guda. Da ya buɗe, kaɗin ya ɓace. Ba a sa masa kuran a ka, nasa ne ake saurare, kuma wannan ma sai an faɗa wa iyaye, domin ganin wayoyin kaɗai yana tsorata su.

Inda lissafi ya shigo shi ne, idon likita yana ganin tashin idan ya zo, don layukan sukan haɗa kai su yi ta tsalle tare. Abin da ke gaban tashin kuwa ido ba ya kama shi. A 1822 Bafaranshe Joseph Fourier, yana binciken yadda zafi ke ratsa abu, ya nuna cewa layi mai rawa kowane iri ana iya warware shi zuwa kaɗe-kaɗe masu sauƙi, a san nawa ne mai sauri, nawa ne mai nawa. Da wannan ake warware layukan ƙwaƙwalwa a yau. Ana kuma auna yadda sashe biyu na ƙwaƙwalwa suke tafiya tare ko suke rabuwa. Awo na uku shi ya fi burge ni, kuma shi ya sa na yarda akwai abin da ya cancanci suna. Ku dubi yarinya da tulu a ka. Idan tulun ya zauna daram a kan gammo, ko ta yi tuntuɓe zai ɗan girgiza ya koma wurinsa nan take. Idan ya zame zuwa gefen gammon, ƙaramar girgiza sai ta daɗe tana kai da komo kafin ta lafa, kuma duk wanda ke bayanta ya san saura kaɗan. Masu lissafi sun nuna cewa abubuwa da yawa da ke dab da juyewa daga wani hali zuwa wani haka suke yi: komawarsu daidai bayan an taɓa su tana ƙara nawa. Ana neman wannan nawar a layukan ƙwaƙwalwa. A Marsai ta Faransa, Viktor Jirsa da abokan aikinsa sun fitar da wani tsarin lissafi a 2014 mai ma'auni biyar, huɗu suna gudu, ɗaya yana tafiya sannu a hankali, kuma wannan mai sannun shi ke tura sauran cikin tashi, shi ke fitar da su. Tafiyar mai sannun nan kafin ya kai gaɓa, ita muke nema wa suna.

*

Amsoshinku sun fara shigowa. Majo, ma'aikacin jinya, Allah ya saka da alheri, kai ka fara amsawa. Ka ce a kira shi "alamun tashi", tunda masu ciwon da kansu suna zuwa likita suna cewa suna jin alama: wani abu ya taso daga ciki zuwa maƙogwaro, ko wari da babu shi, ko tsoro haka kawai. Gaskiya ne suna ji, kuma kai ka fi ni ganinsu. Sai dai wannan da suke ji likitoci suna da wani suna dabam da suke ba shi, aura, kuma a wurinsu tashin ne ya riga ya fara a ɗan ƙaramin sashe na ƙwaƙwalwa, bai bazu ba tukuna. Sakan kaɗan ne yawanci. Wanda muke nema yana gaban wannan, mai ciwon ba ya jin komai. Idan muka ba su suna ɗaya, uwa za ta ce ai ɗana ba ya jin alama, zancen bai shafe mu ba. Don haka ina ganin a bar wa aura "alama", don ta dace da ita sarai.

Kuma don Allah duk mai fassara ya kiyaye: asalin ma'anar aura a tsohon harshen Girka ɗan busawar iska ce. Wanda ya buɗe ƙamus ya ɗauko "iska" ya kai rediyo, ya rushe duk aikin da ma'aikatan lafiya suka yi shekaru suna yi. A garin da har yanzu ake cewa iskoki ne suka buge yaro, a kai shi wajen turare da hayaƙi a bar maganin likita, wannan kalma ba ta da wurin zama a bayaninmu ko kaɗan.

Allah gafarta Malam, na ga naka. "Hadari" ka kawo, ka ce kafin ruwa ya sauka sai gabas ta yi baƙi. Kalma ce mai kyau, kuma za mu dawo kanta, don akwai abin da ta fi tawa kamawa. Abin da ya hana ni ɗaukarta shi ne rubutu. Yawancinmu a salula muke rubutu ba ƙugiya, hadari da haɗari sai su zama abu guda, "hadarin farfadiya" kowa zai karanta shi da ma'anar illar ciwon. Wanda ya kawo "jajibiri" kuma, kunnen Bahaushe ya saba jin ta da Sallah da biki. Ba zan iya ce wa uwar da ɗanta ya faɗa wuta bara wai yau jajibiri ne ba.

Akwai kuma rabin kalmar na biyu, wanda ba mu tsaya a kansa ba tukuna. Kafin me? Muna da sunan ciwon, farfaɗiya, amma zuwansa sau ɗaya bakin mutane ya kasu uku: ya faɗi, ta buge shi, ciwonsa ya tashi. "Faɗuwa" ba ta isa ba, domin ba kowace farfaɗiya ke kayarwa ba. Akwai ta yara wadda yaro zai tsaya cak yana cikin magana, ido a buɗe, sakan goma ko ƙasa da haka, ya ci gaba kamar ba a yi ba, a awo kuwa a ga kaɗi sau 3 a sakan ya mamaye kan gaba ɗaya. A aji irin wannan yaro ake yi wa tsawa a ce ba ya mai da hankali, kuma a matsayina na malami wannan yana ci mini rai. "Bugu" ita ce daidai da ta Latin, amma da ka ce bugu sai a tambaye ka wa ya buge shi, mun koma gidan jiya. "Tashi" ba ta zargin kowa. Haka muke cewa gyambon ciki ya tashi, asma ta tashi, ciwo ne cikin cututtuka.

Tawa shawarar ke nan: goshin tashi.

Muna cewa goshin magariba, goshin la'asar, goshin azumi. Duk Bahaushe ya san goshin magariba ba magariba ba ne, ba a kira salla ba, mai azumi bai sha ruwa ba, amma hasken ya sauya, kaji sun nufi akurki. Ba ta da tsayayyen tsawo, kamar yadda masu binciken ma ba su tsayar da tsawon nasu ba. Gajera ce, tana shiga jimla ba tare da an ja ta ba: "a goshin tashi ƙwaƙwalwa takan sauya kaɗi", "ana neman na'urar da za ta gane goshin tashi". Ba ta da warin tsafi, ba ta da warin biki.

*

Ƙanena ɗalibin jami'ar André Salifou, ka kawo magana mai nauyi, kuma ita ce ta fi kowace a zaren nan. Ka ce: "Yaya, goshin magariba dole magariba ta biyo shi. Wannan fa, dole ne tashin ya biyo?" Ba dole ba ne. Tarihin binciken kansa a kan wannan tambaya taka ya yi ta tuntuɓe.

A 1998 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Bonn ta Jamus ƙarƙashin Klaus Lehnertz da Christian Elger, ɗaya a Paris, suka ba da rahoton cewa lissafinsu yana ganin sauyi mintoci kafin tashi. Aka yi murna, aka ɗauka an kusa. Matsalar ita ce, sun fi duba layukan da aka riga aka san tashi ya biyo bayansu. Da aka zo aka gwada hanyoyi irin waɗannan a kan awo mai tsawo, na kwana da kwanaki, sai aka ga sauyin yakan zo ya wuce ba abin da ya faru. A 2007 mutanen Bonn ɗin da kansu, Florian Mormann a gaba, suka yi bitar fagen gaba ɗaya suka nuna cewa yawancin sakamakon farko bai tabbata ba da aka sake gwada shi da tsauri. Ina girmama su a kan wannan.

Ga lissafin da nake ba ɗalibaina don su gane tarkon. A ce na ƙera na'ura wadda ba ta auna komai, tana kunna jar fitila awa 12 a kowace rana yadda ta ga dama. A cikin tashi 100, kusan 50 za su faɗo lokacin da fitilar ke kunne. Sai in fito in ce na'urata tana gano rabin tashi. Idan na bar ta kunne awa 18, ta "gano" 75. Saboda haka ba a tambayar sau nawa ta faɗa daidai kaɗai, sai an haɗa da awa nawa ta tsare mutum cikin fargaba a banza, kuma sai ta fi abin da sa'a kawai za ta bayar.

Gwaji na gaske a jikin mutane an buga shi a 2013, daga Melbourne ta Ostareliya, ƙarƙashin Mark Cook. Mutum 15 aka dasa wa faifan awo a ƙarƙashin ƙoƙon kai, suna yawo da ƴar na'ura a hannu mai fitila uku: ja idan yiwuwar tashi ta yi yawa, fara idan matsakaiciya ce, shuɗiya idan ta yi ƙasa. Ga wasunsu ta yi aiki sosai, ga wasu ba ta yi ba, kuma daga baya kamfanin da ya ƙera na'urar ya rasa kuɗi aka cire na'urorin. Ku lura fitilun ba su ce "zai tashi ƙarfe kaza" ba. Yiwuwa suke faɗa. Sannan a 2018 Maxime Baud da abokan aikinsa a San Francisco suka duba awon shekaru na mutum 37 masu na'ura a ka, suka ga ƙwaƙwalwar tana da zagaye na kwanaki, yawanci 20 zuwa 30, ga maza da mata duka, kuma tashin ya fi faɗowa a wani sashe na zagayen. Shi ya sa yanzu da yawa cikin masu binciken suka koma magana irin ta masu hasashen yanayi, har suka ƙirƙiro wata kalmar dabam, pro-ictal, don lokacin da ƙofa take buɗe ko da ba a shiga ba. Allah gafarta Malam, ka ga inda hadarinka ya fi goshina: hadari yakan haɗu ya watse.

To, ƙanena, abin da maganarka ta nuna shi ne abubuwa biyu ne, kuma kowane yana son sunansa. Na farko ana gane shi ne ta waiwaye: tashi ya faru, a koma baya a yanki lokacin da ke gabansa a bincika. A wata gasar lissafi ta duniya da aka yi a intanet a 2014, da awon karnuka masu farfaɗiya da na mutane, haka aka yanka shi, awa guda kafin tashi, aka bar minti biyar na ƙarshe. Wannan kam tashi ya biyo shi tabbas, tunda da tashin aka auna shi, kuma "goshin tashi" ta zauna masa daidai. Na biyu shi ne wanda ake faɗa wa mai ciwo tun abin bai faru ba. Shi ba za mu ce masa goshi ba, don kada mu yi alkawarin da ilimin bai yi ba. Ina ba da shawarar "lokacin hattara", idan na kwanaki ne a ce "kwanakin hattara". Aikin gaba ɗaya kuma "hasashen tashi", yadda muke cewa hasashen yanayi. Wani ya rubuto "duba". A'a. Duba ta masu bugun ƙasa ce.

*

Hajiya, tambayarki ta taɓa ni. Kin ce ƴarki shekara shida tana fama, ko awon farko da ƙyar kuka samu, me kalma za ta ƙara miki, ke da ba za ki taɓa ganin na'urar Ostareliya ba.

Ba zan ce miki na'urar tana hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tashi idan an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. A ƙasashe matalauta kuwa kashi uku cikin huɗu ba sa samun maganin. Mu nan abin da ke jawo mana ita sananne ne: zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, wahalar haihuwa, faɗuwa a kan kabu-kabu ba hular kwano, da sanƙarau, wanda ko tsakanin Nuwamban 2022 da Janairun 2023 an ƙidaya mutum 559 da ya kama a jihar Damagaram. Gardenal, ƙwayar farfaɗiya da ake ba mutanenmu, maganin da ke cikinsa tun 1912 ake amfani da shi. Wanda ya fi buƙatar hasashe shi ne kashi ɗaya cikin uku da magani bai riƙe su ba. Ga saura, babban abu shi ne maganin ya samu kuma kada ya yanke.

Amma binciken zagayen nan akwai rabonki a ciki, domin an ga irinsa har a cikin abin da masu ciwo suke rubutawa da hannunsu, ba na'ura. Ki sami ɗan littafi na lakwal. Duk ranar da ya tashi ki sa a rubuta kwanan wata da lokaci, ko ta yi barci sosai daren, ko an tsallake magani, ko tana zazzaɓi, idan ta isa al'ada a rubuta ranarta. Bayan watanni ki kai wa likita ku duba tare. Ga wasu ba a ganin komai. Ga wasu sai a ga ya fi zuwa da asuba, ko bayan kwana kaza. Idan aka ga haka, kin sami kwanakin hattara na ƴarki: ranakun da ba ita za ta zauna bakin murhu ba, ba ita za ta je rijiya ko bakin tafki ba, kuma wani zai kwana kusa da ita. Ki riƙe abu biyu tare da wannan. Sauran kwanakin ba kwanakin sakaci ba ne, yana iya tashi a cikinsu, kuma ba a rage magani ko a tsallake shi don littafi ya nuna sauƙi. In ya tashi, a kwantar da ita a gefe, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, kada a sa mata cokali ko yatsa a baki, yawunta ba ya sa wa kowa ciwon. Ya wuce minti biyar bai lafa ba, a nufi likita.

Jimlar da zan miƙa wa mai karantawa a rediyo ga ta, ku gyara mini in da gyara: "Masu bincike suna amfani da lissafi su gane goshin tashin farfaɗiya a cikin awon ƙwaƙwalwa. Har yanzu ba su iya faɗin sa'ar da zai tashi ba, amma ga wasu masu ciwon suna iya nuna kwanakin hattara."

Ƴan'uwa na Magarya da Matamaye da Mirya, ku karanta wa tsofaffinku ita da baki, ba tare da kun yi musu bayani ba, ku tambaye su me suka fahimta. Musamman ina so in ji ko "goshin tashi" ba ya kai hankalinsu ga goshin jiki, tunda zancen kai ake yi. Idan yana kaiwa, sai mu ƙara "lokacin" a gabanta. Za a ɗauki shirin ranar Alhamis, don haka ku turo kafin Laraba da dare.